Goron Aike da Hanyar Shanu

Mu shida ne a zauren gidanmu ran nan. Akwai ƙanena, wanda ya gaji babanmu a matsayin mai unguwa, yana zaune a kan buzu kusa da ƙofar waje. Akwai Ardon rugar da ke bayan garinmu, ya jingine sandarsa a bango. Akwai matarsa, ƙawata tun muna 'yan mata, ita ba ta shigo sosai ba, ta zauna a bakin ƙofar cikin gida da ƙwaryarta a gaba. Akwai liman, tsoho tukuf, ido ya fara tafiya amma kunne garau. Akwai babban ɗan ƙanen nawa, malamin makarantar boko a Bebeji, da takarda a kan gwiwa da kwalbar tawada a gefe. Sai ni. Duk sun riga ni komawa ga Allah, in ban da malamin, shi ma yanzu gemunsa ya yi fari fat.

Abin da ya tara mu burtali ne, wato hanyar da shanu ke bi ta tsakanin gonaki su je ruwa. Garinmu yana tsakanin Kiru da Kafin Maiyaƙi, kuma tun ina yarinya shanun rugar nan suke bi ta gefen gonar gidanmu su gangara rafi. A shekarun da nake magana Turawa ba su tafi ba tukuna, gyaɗa kuwa ta yi daraja, har wanda bai taɓa shuka ta ba ya fara duban kowane fili da idon gyaɗa. Gonar gidanmu ta gaji, dawarta sai tsawo ba kai. Ƙanena ya dubi burtalin nan, ƙasa baƙa wuluk da kashin shanun shekara da shekaru, ya kasa haƙuri. Da bazara ya je ya kafa turaku a bakinsa, ya ce ruwan farko in ya sauka zai sa garma. Ardo ya ce in aka rufe hanyar ba shi da ta inda zai kai shanu ruwa, sai dai ya tashi da iyalinsa su koma wajen Doguwa. Ba tsoratarwa yake yi ba. Da idona na ga matarsa ta fara ɗaure ƙorai.

Ana cikin haka sai ga saƙo daga wurin hakimi, cewa Baturen da ke duba dabbobi zai zo rangadi Kiru ya shata burtalai, duk mai shaida ya kawo ta a rubuce. Baturen sabon zuwa ne, Hausarsa ba ta wuce sannu da madalla ba, shi ya sa aka ce a yi takardar da Turanci. Aka aika Bebeji, ɗan ƙanena ya zo a kan keke. Shaidar kuwa ni ce, domin ni aka aika da maganar burtalin nan tun da fari.

Bari in faɗi yadda aka yi na zama 'yar aike. Da mijina ya rasu na dawo gida, na tarar da babanmu ƙafa ta fara ƙi. Yana da maza a gidan, amma ni yake aika, ya ce maza in an aike su sai sun sa wa saƙo gishiri a hanya. Yana da ƙa'idarsa. In zai aike ni sai ya ba ni goro ɗaya. In na isa, gaisuwa tawa ce, tambayar yara da dabbobi tawa ce. In zan fara maganarsa sai in buɗe hannu, goron yana kwance a tafina kowa na gani. Muddin hannun nan a buɗe yake, to shi ne ke magana, ni bakina kawai aka ara. In na kai ƙarshe in rufe hannu, in miƙa goron. Daga nan duk abin da na ƙara nawa ne, ni zan ɗauki nauyinsa.

Mutanen yankinmu duk sun san wannan. Na sha kai maganar da ni kaina ba ta yi mini daɗi ba, mai zafi, wani lokaci har da zagi a ciki, amma ba wanda ya taɓa riƙe ni a zuciya, domin sun ga hannun a buɗe. Kuma ban taɓa rage zafin ba. Ba nawa ba ne balle in rage.

A ciwonsa na ƙarshe ya aike ni rugar da maganar burtali. Liman na zaune a ɗakin ran nan, ya zo duba shi. Ban da mu biyu ba wanda ya ji fitar maganar daga bakinsa.

To, ranar da za a yi zaman, tun da hantsi ina zaune a ƙofar ɗakina ina kaɗi, sai ga ƙanena. Ya gaishe ni gaisuwa mai tsawo, har ya tambayi ciwon bayana, abin da bai taɓa damunsa ba. Na ci gaba da murza mazari, ina jira.

Ya ce, "Yaya, maganar Baba nan, ai an daɗe. Mutum ba ya tuna komai da komai."

Na ce, "Kai ne ba ka tunawa."

"A'a, nufina, kin san aro ya ba su. Kowa ya san nufinsa ke nan. Ki dai ce aro, kalma ɗaya ce."

"In kalma ɗaya ce me ya hana shi faɗa? Ƙafarsa ce ke ciwo ran nan, bakinsa lafiya lau."

Ya tashi yana kaɗe riga, yana cewa shi da 'yar'uwarsa ciki ɗaya amma sai ka ce a ruga aka haife ta. Na ci gaba da kaɗina. Tun yana tsumma nake goya shi, na san inda fushinsa yake farawa da inda yake ƙarewa.

Bai daɗe da fita ba sai ga ƙawata ta sauke ƙwarya. Ta buɗe faifai, na ga curin man shanu ya ninka wanda ta saba kawo mini.

Na ce, "Ƙawa, yau saniyar tagwaye ta haifa?"

Ta yi dariya, ta rufe baki da gefen zane. Sannan ta matso ta rage murya. Wai in na zo faɗa, in ce tsohon ya ba su wurin har abada, ƙasar ma tasu ce, don a huta da maganar gaba ɗaya.

Na ce, "Ke da kike sa wa nono ruwa, yanzu so kike in sa wa maganar babana?"

"Kai, ƙawa! Ni? Wa ya taɓa kama ni?"

"Harshena ya kama ki tun muna 'yan mata. Ɗauke rabin man nan, ki bar mini abin da kika saba."

Ta ɗauke, ba ta ji haushi ba. Amma da za ta tashi sai ta ce, a hankali, ita ba ta san kowa a Doguwa ba, kuma kabarin 'ya'yanta biyu yana nan bayan rugar. Wannan kam ya tsaya mini a rai. Na ce mata abin da aka ba ni shi zan bayar, ta yi haƙuri mu ga inda zai faɗa.

Bayan azahar aka zauna. Zafi kamar me, ko ganye ba ya motsi. Liman ya buɗe da addu'a. Ɗan ƙanena ya gyara takarda, sai kuma ya ajiye alƙalami ya ciro wani littafi daga aljihun rigarsa, irin wanda yake koya wa yara Turanci da shi.

Ya ce, "Gwaggo, kafin mu fara, matso ki ga wani abu."

Na ce, "Ni me zan gani a nan? Tururuwa ce aka taka a kan farin ƙyalle."

"Ba karatu za ki yi ba. Dubi nan sama, kan yatsana."

Na duba. Wasu 'yan alamu ne guda biyu ƙanana, lanƙwasassu, suna rataye a saman layi, ba su taɓa ƙasa kamar sauran. Ya ja yatsa gaba kaɗan, ga wasu biyun kuma, sun juyo suna duban na farkon. Ardo ya leƙo ta kafaɗarsa ya ce, "Wannan ai ƙahon maraƙi ne." Aka yi dariya, har ƙanena ya ɗan saki fuska. Malamin ya ce sunansu alamar zancen wani, amma daga ran nan a gidanmu ba wanda ya ƙara kiran su da komai sai ƙaho.

Ya yi mana bayani a tsanake, kamar yadda na tabbata yake yi wa yaransa. Ya ce a rubutun Turanci, in za ka kawo maganar wani kamar yadda ta fito daga bakinsa, sai ka buɗe da ƙaho biyu, ka zuba maganar, ka rufe da biyu. Duk abin da ke tsakaninsu nasa ne, ba ka da ikon ƙara ko kalma, ba ka da ikon gyara masa ko da ya yi kuskure. In kuwa ba ka riƙe ainihin kalmomin ba, ma'anar kawai ka riƙe, to ba ka sa ƙaho, sai ka faɗa da bakinka cewa wane ya ce kaza. Ya ce babban laifi shi ne mutum ya sa tasa maganar a cikin ƙahon wani.

Na dubi yaron nan. Ranar da aka ɗauke shi aka kai shi boko ni na fi kowa faɗa, na ce za a mayar da shi wanda bai san gidansu ba. Ga shi yau ya dawo mini da ƙa'idar kakansa a cikin littafin Turawa.

Na ce, "Ashe su ma suna da goro."

Ya ce, "Shi na tuna, Gwaggo, ranar da aka fara koya mana a Kano. Na ce wannan ai hannun Gwaggona ne."

Na ce to a ba ni goro. Liman ya laluba aljihu ya miƙo mini ɗaya, ja, ya ɗan bushe. Na gyara zama na fuskanci Ardo, domin shi aka aike ni wurinsa tun asali. Na buɗe hannu. Ga abin da na faɗa, kuma shi na faɗa a rugar a wancan lokacin:

"Ardo, ina gaishe ka. Ƙafa ta hana ni zuwa. Ranar da ubanka ya sauka a nan ya ce mini, 'Ruwa muke nema, ba gona ba.' Ni ma ruwa na ba shi. Daga gindin ɗorawa zuwa rafi hanyar shanu ce, kada wani nawa ya sa mata garma muddin akwai saniyar da ke shan ruwan nan. Hanya na bayar, ban ba da ƙasa ba. Ku kuma in an yi girbi shanunku su kwana a gonar gidan nan har a fara shara, kamar yadda muka saba. Shi ke nan."

Na rufe hannu. Liman ya gyaɗa kai ya ce haka ne, ko wasali bai faɗi ba.

Alƙalamin malamin na ta ƙara a kan takarda. Na dubi ƙanena, ya sunkuyar da kai, maganar garma ta same shi. Na dubi Ardo, shi ma yana wasa da bakin rigarsa. Domin gaskiya ita ce, an yi shekaru shanunsa ba su kwana a gonarmu ba. Da an yi girbi sai ya kora su wajen Tudun Wada inda ya ce harawa ta fi yawa, a bar gonarmu ba taki. Abin da ya gajiyar da ita ke nan.

Ardo ya ce, "Wannan na ƙarshen, wallahi ya fita a kaina."

Ƙanena ya ɗago. "Ashe ba ni kaɗai ke mantuwa a garin nan ba."

Malamin bai shiga maganarsu ba. Ya ce in maimaita masa wurin da uban Ardo ya yi magana. Na maimaita. Ya ce nan magana ce a cikin magana, Kaka yana faɗin abin da wani ya ce masa, don haka sai a sa mata nata ƙahon a ciki, amma ɗaya-ɗaya, don kada a rikita ta da ta waje. Ardo ya leƙa ya ga inda aka killace maganar ubansa ita kaɗai. Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Ga Baffa nan, an ba shi ɗan garkensa."

Daga nan ya juyo wurina. Ya ce, "To 'yar mai unguwa, faɗin hanyar fa? Daga ina zuwa ina?"

Na ce tun da nake gani, shanu suna bi ne tsakanin babban surin nan da kututturen kuka, kuma ba su taɓa matsuwa ba.

Ardo ya ce, "Madalla. Malam, sa wannan a cikin ƙahon."

Yaron bai dubi Ardo ba, hannuna ya duba. A rufe yake.

Ya ce, "Gwaggo, Kaka ne ya faɗi faɗin, ko ke?"

Na so a ce shi ne. Ƙawata na bakin ƙofa tana dubana, kuma na san maganar mamaci ta fi tawa nauyi a gaban kowane Bature. Amma bai faɗa ba.

Na ce, "Ni ce."

Ya ce, "To a waje zai zauna. Zan rubuta cewa ke kin shaida haka kika gani da idonki. Ba zai ɓace ba, Ardo, amma da sunanta zai tafi."

Ƙanena ya ga ƙofa ta buɗe. Ya gyara zama a kan buzu ya ce, tun da dai ana rubuta abin da aka sani, to a sa cewa aro ne. Ya ce ai tsohon da kansa ya ce bai ba da ƙasa ba, wanda bai bayar ba kuwa aro ya yi, a ɗan saka kalmar a wurin, ba wani abu ba ne. Da ɗansa yake magana, da muryar da uba ke aiken ɗa.

Yaron ya dubi ubansa. Ya ajiye alƙalami, ya sauko daga kan 'yar kujerarsa ya durƙusa.

Ya ce, "Baba, ka gafarce ni. Komai ka sa ni zan yi, amma cikin nan ba nawa ba ne, ba naka ba ne, na Kaka ne. In ka yarda sai in rubuta a ƙasa, a waje, cewa kai mai unguwa a ganinka aro ne. Wannan haƙƙinka ne, zan sa shi yadda ka faɗa."

"Wato maganata a ƙasa, tasa a sama, kowa ya gani ina ja da ubana?"

"Haka za ta fito, Baba."

Ƙanena ya yi tsaki. Ya ce, "Kuɗin keken nan da na saya maka, da akuya na saya." Liman ya yi dariya har da tari. Sannan ƙanen nawa ya ce a bar shi, kada a rubuta masa komai.

A raina na ce yaron nan namu ne.

Da ya gama, na ce ya karanta mana. Ya karanta, da Turanci. Na saurara har ƙarshe, ban ji komai ba sai ɗorawa da Ardo. Na ce, "Kai ɗan nan, babana har ya mutu bai taɓa yin wannan yaren ba. Yaya aka yi ya same shi a kabari?"

Ya ce shi ma abin yana damunsa tun ɗazu, domin a gaskiya kalmomin Turancin nasa ne, shi ya zaɓo su. Sai ya ɗauki sabuwar takarda. Ya fara rubuta maganar da Hausa, yadda ta fito, a cikin ƙaho. A ƙarƙashi ya sa Turancin, ya kuma rubuta cewa fassara ce, shi ya yi ta, in an sami kuskure a ciki nasa ne. Aikin ya koma sabo, tawada ta ɓata masa yatsu, bai yi ƙorafi ba.

Na ce ya nuna mini inda ya rufe. Ya nuna. Na sa yatsa a kan na buɗewa, na bi layin har na iske na rufewa, na tabbata suna nan. Ya ce ina da gaskiya da na duba, domin yaransa kullum nan suke faɗuwa, su buɗe su manta rufewa. Ya ce, "In ban rufe ba, Gwaggo, mai karatu zai ɗauka Kaka na ta magana har ƙasan takarda. Sai ya zama Kaka ne ke cewa shi malamin makaranta ne a Bebeji."

Ƙawata ta ce daga bakin ƙofa, "Da kuwa yara sun sha bulala."

Ana shirin shafa fatiha sai liman ya ɗaga hannu. Ya ce, in bai manta ba, akwai abin da marigayi ya ƙara ran nan, game da wani a gidan nan. Ƙanena ya ɗago kai da sauri. Malamin ya tsoma alƙalami a tawada yana jirana.

Na ce, "Allah gafarta Malam, ya ƙara. Amma sai da ya ce shi ke nan, na rufe hannu na ɗaure goron a bakin zane, sannan ya faɗa. Wannan ba na aike ba ne. Tsakanin uba da 'yarsa ne."

Liman ya ce haka aka yi, ya janye. Yaron ya goge bakin alƙalami.

Yanzu da waɗanda abin ya shafa sun tafi zan iya faɗa. Abin da babanmu ya ce shi ne, "Ƙanen nan naki in ya ga ƙasa a kwance ba ya iya barci. Ki sa masa ido, kada ya ci mutuncin gidan nan saboda kunya biyu ta shuka." Da na faɗi wannan a zaure, a gaban Ardo da malamin, an kuma kai shi Kiru a rubuce, da ƙanena bai ƙara ɗaga kai a garin nan ba. Kuma da ya sa garmar, ko don ya nuna ba a isa da shi ba. Na san shi.

Aka shafa fatiha. Liman ya tambayi ƙanena me ya ce game da turakun, ya ce zai yi tunani. Ardo ya ɗauki sandarsa ya fita bai san matsayinsa ba, matarsa na biye da ƙwarya a ka. Yaron ya naɗe takardar ya sa a cikin littafinsa, ya hau keke don ya isa Bebeji da sauran rana.

Jikata ce take rubuta mini wannan, 'yar malamin nan ce. Na gaya mata tun farko, inda na tabbata da kalmomin mutum ta sa masa ƙahonsa, inda ma'anar kawai na riƙe ta bar shi a bakina. Takan ce na fi babanta tsanani. In ta gama shafi sai ta kawo mini in duba da yatsa ko ta rufe.

Da la'asar sakaliya ranar zaman nan, ina tsince wake a tsakar gida, ƙanena ya zo ya tsaya a kaina. Ya daɗe yana kallon kaji.

Ya ce, "Yaya, me Baba ya ƙara?"

Na ce masa babanmu ya ce in kula da shi. Hannuna na cikin wake, ba goro, ba komai. Ban yi masa ƙarya ba, ma'anar na ba shi da bakina.

Ya ce, "Shi ke nan abin da ya ce?"

Na ce, "Abin da nake yi ke nan tun ran nan. Matsa, ka tare mini haske."

Ya tafi. Na ji shi yana yi wa wani faɗa a waje a kan igiyar jaki, na san fushin ya kusa ƙarewa.

Washegari bayan an idar da sallar asuba, ina hura wuta, sai ga shi ya dawo daga wajen gona, ƙafafunsa duk ƙasa, da turaku ɗaure a kafaɗa. Ya zubar da su a gindin murhuna ya ce ga itace. Sannan ya sa hannu a aljihu ya ciro goro fari ya miƙo mini, bai dube ni ba. Ya faɗi saƙonsa sau ɗaya, na maimaita masa, ya ce haka ne.

Na yafa gyale na bi ta burtalin. Ramukan turakun na nan sababbi. Na wuce surin, na wuce ɗorawa, na iske rugar ana tatsa. Na gaishe su da bakina, na tambayi yara da shanu. Ardo ya taso, matarsa ta ajiye ƙwaryar tatsa ta matso. Na buɗe hannu.

"Ardo, na cire turakuna daga suri zuwa kututture. Abin da ke bayan suri nawa ne, gyaɗa zan sa, saniyar da ta taɓa mini ita sai mun je gaban alƙali. In an yi girbi ina jiran shanunka a gonata, duka, ba rabi ba. Kuma ka daina jingina mini sanda a bangon zaure, kana zubar mini da yaɓe. Shi ke nan."

Na rufe hannu, na miƙa masa goron. Ya karɓa da hannu biyu, ya fasa, ya ba matarsa rabi.

Ni kuma na juya wurin ƙawata na ce ta kwance ƙoranta, ta auna mini nono, na yanzu-yanzu, wanda bai je kusa da rafi ba.